Guntun Gatarinka ko Sari Ka Ba Ni: Tsakanin Fusion da FreeCAD

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, wanda masu sana'a ke kira CNC, ya san cewa tun kafin a kunna injin aka yi rabin aikin. Kafin bakin da ke yanka ya taɓa katako ko ƙarfe, sai an zauna an zana abin da ake so da awonsa daidai, tsawo da faɗi da kauri, har ramin da boris zai zauna. Sannan a tsara hanyar da bakin zai bi: inda zai fara, zurfin da zai ci a kowane zagaye, da saurin da zai yi. Matakin farko shi ake kira CAD, na biyu kuma CAM. Abin da ke fitowa daga ƙarshe jerin umarni ne da ake kira G-code, harshen da injunan sassaƙa ke ji, wanda asalinsa ke komawa ga binciken da aka yi a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka a shekarun 1950.

Shekaru da dama manhajojin da ke wannan aiki na manyan masana'antu ne kaɗai, domin kuɗin lasisi guda kan kai dubban daloli. Yau kuwa ɗalibi, ko kafinta mai son ƙara sani, ko matashin da ya harhaɗa ɗan inji a zauren gidansu, yana iya samun irinsu ba tare da ya biya ko sisi ba. Biyu ne suka fi shahara a wajen irin waɗannan mutane: Fusion ta kamfanin Autodesk, da FreeCAD wadda jama'a suka gina da aikin sa kai. Dukansu ana ce musu kyauta, amma kalmar tana ɓoye bambanci babba. Ɗaya aro ce mai sharaɗi, ɗayar kuwa mallaka ce. A kan wannan bambanci nake so mu auna su, domin shi ne zai dami mutum bayan ya shafe shekaru yana aiki da ɗayarsu.

Autodesk ba baƙo ba ne a wannan fage. An kafa shi a jihar Kalifoniya a 1982, kuma a shekarar ne ya fitar da AutoCAD, wadda har yau masu zanen gine-gine ba su rabu da ita ba. A 2013 ya fitar da Fusion 360, da ake kira Autodesk Fusion tun 2024. Abin da ya ɗaga darajarta shi ne tattara aiki a wuri guda. Da can sai mutum ya zana a wata manhaja, ya kwashi fayil ya kai wata domin tsara sassaƙa, in ya canza awo ɗaya kuma ya sake bin layin tun daga farko. A Fusion kuwa zane da tsarin sassaƙa suna ɗaure da juna. Ka ƙara wa rami milimita biyu, ka sa ta sake lissafi, hanyar baki ta gyaru. Sashenta na sassaƙa ma ba na wasa ba ne, ya samo tushe daga HSMWorks da kamfanin ya saya a 2012, kuma tana da dabarar kwashe ƙarfe ta yadda nauyin da ke kan baki ba ya hawa da sauka, wanda ke rage karyewar baki. Ga wanda ya san tsadar baki mai kyau, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

A shekarun farko kamfanin ya buɗe hannu sosai. Masu yi don sha'awa da ƙananan kamfanonin da samunsu bai kai dala 100,000 a shekara ba, duk suna amfani da kusan cikakkiyar manhajar kyauta. Dubban mutane suka koya, suka cika YouTube da darussa, har ta zama ita ce amsar farko in sabon shiga ya tambayi abin da zai fara da shi. Daga baya aka ware lasisin amfanin kai daban, aka sa masa sharaɗin cewa na aikin gida ne da ba na kasuwanci ba, kuma abin da mutum ke samu da shi kada ya kai dala 1,000 a shekara.

Sai watan Satumba na 2020, lokacin da kamfanin ya sanar da rage abubuwa da dama daga lasisin kyautar, farawa daga 1 ga Oktoba. Aka cire sassaƙa mai kusurwa huɗu da biyar. Aka cire sashen gwada ƙarfin abu kafin a ƙera shi. Aka hana sauya baki kai tsaye a cikin aiki guda, ma'ana in aikinka na buƙatar baki uku, sai ka fitar da fayil uku. Daga farkon 2021 kuma aka taƙaita fayilolin da mutum zai iya gyarawa a lokaci ɗaya zuwa goma. Sauran ba a goge su ba, suna nan a karanta, sai dai in kana son taɓa na sha ɗaya dole ka rufe ɗaya daga cikin goman.

Wanda ya fi taɓa masu injuna shi ne cire saurin tafiyar banza. A G-code akwai umarni biyu da kowane mai inji ya haddace: G1, wato tafi kana yanka, da G0, wato ɗaga baki ka ruga zuwa wuri na gaba tunda ba abin da kake taɓawa. A lasisin kyauta, tafiyar da ake yi a iska ba ta wuce saurin yanka. A ce kana yankan alminiyam da saurin milimita 600 a minti ɗaya, alhali injinka na iya gudun 3,000 in ba ya cin komai, to duk tsallaken da zai yi daga rami zuwa rami zai ɗauki ninki biyar na lokacinsa. A ƙaramin aiki ba za ka ji ba. A faranti mai ramuka ɗari biyu kuwa, in da janareta kake aiki, za ka ji a lokaci, ka kuma ji a kuɗin mai.

Akwai abu ɗaya a sanarwar da ya fi kowanne tayar da ƙura: niyyar hana fitar da zane a tsarin STEP. Wannan tsari, wanda ƙungiyar daidaita ma'auni ta duniya ta yi wa lamba ISO 10303, shi ne harshen da manhajojin zane daban-daban ke fahimtar juna da shi. Rufe shi na nufin zanen mutum ya maƙale inda aka haife shi. Jama'a suka yi ca, cikin 'yan kwanaki kamfanin ya janye wannan ɓangare. Ya kyautu a yaba masa da ya saurara. Amma abin da mutane suka gano a wancan lokacin bai goge ba: ƙofar da suke fita da aikinsu, makullinta na hannun wani.

FreeCAD ta biyo wata hanya dabam. Wani Bajamushe, Jürgen Riegel, ya fara ta a farkon shekarun 2000, Werner Mayer ya haɗa hannu da shi, daga baya Yorik van Havre, masanin zanen gine-gine, ya shigo a 2008. Sun gina ta a kan Open CASCADE, injin lissafin siffofi da kamfanin Matra Datavision na Faransa ya sakar wa duniya a 1999. Lasisinta shi ne LGPL, wanda ya ba kowa damar ɗauka, da amfani, da rabawa, da gyara asalin rubutun manhajar. Ba a tambayarka nawa kake samu. Ba ka buɗe asusu, ba ka sabunta izini. Tana aiki a Windows da Mac da Linux, alhali Fusion ba ta da sigar da ake girkawa a Linux. Kana iya zuba ta a filashi ka kai wa abokinka a ƙauyen da ba sabis, kuma ba ka karya dokar kowa ba.

Sai dai wanda ya ce FreeCAD ba ta da aibi ya ɓoye gaskiya. Shekaru fiye da ashirin ta yi ba ta kai siga ta 1.0 ba, kuma akwai dalili. Babbar matsalarta a lokacin ita ce yadda take raɗa wa fuskokin abu suna. Kowace fuska da kowane gefe na da lamba a cikin manhajar. In ka ɗora zane a kan fuska ta shida, sannan ka koma baya ka ƙara wani yanka, lambobin kan sauya, sai ka tarar zanenka ya koma wata fuskar, aikin ya wargaje. Kamar unguwa ce da ake sake lambar gidaje duk lokacin da aka gina sabon gida, wasiƙar da aka aika gida na shida ta faɗa hannun maƙwabci. Ƙwararru sun koyi kauce wa wannan da dabaru, amma sababbin shiga da yawa a nan suka yi fushi suka tafi. Haka kuma ta daɗe ba ta da sashenta na haɗa sassa, irin wanda zai nuna maka yadda giya da sanda da boris za su zauna tare su juya, sai dai mutum ya zaɓi ɗaya daga cikin ƙare-ƙaren da wasu suka rubuta, waɗanda ba sa jituwa da juna.

A watan Nuwamba na 2024 siga ta 1.0 ta fito, ta rage kaifin matsalar sunaye ƙwarai, ta hanyar dabarar da wani mai ba da gudummawa da aka fi sani da realthunder ya daɗe yana gwadawa a nasa reshen. Ta kuma zo da sashen haɗa sassa a cikinta, wanda wani ƙaramin kamfani mai suna Ondsel ya yi aiki sosai a kansa. A watan ne kuma Ondsel ya sanar da rufewa. A nan ne bambancin hanyoyin biyu ya fito fili. Kamfanin ya tafi, amma aikin da ya zuba a FreeCAD yana nan, kowa na amfani da shi, domin abin da aka saka a rumbun jama'a ba ya bin mai shi kabari.

A gwada wannan da labarin ArtCAM, manhajar da masu sassaƙa ƙofofi da allunan talla da ado a katako suka daɗe suna ji da ita. Ta kamfanin Delcam ce na Birmingham a Ingila. Autodesk ya sayi Delcam a 2014, a 2018 kuma ya daina ArtCAM. An yi sa'a wasu tsofaffin ma'aikatanta suka ci gaba da ita da sunan Carveco, amma da kuɗi. Haka jerin manhajojin kyauta na Autodesk masu suna 123D suka ƙare a 2017. Ba Autodesk kaɗai ke haka ba: SketchUp Make ta 2017 ita ce sigar kyauta ta ƙarshe da ake girkawa a kwamfuta, DraftSight ma ta janye kyautarta a 2019. Ban ɗauki wannan a matsayin mugunta ba. Kamfani na da ma'aikata da masu hannun jari, kuma ba wanda ya isa ya tilasta masa ciyar da mutane har abada. Abin lura kawai shi ne, mai bayar da aro yana da ikon karɓar kayansa ranar da ya ga dama.

To, in aka ɗora su a sikeli fa? Wajen sauƙin koyo, Fusion ce gaba, kuma da tazara. Fuskarta a tsare take, kayan aikinta na bin tsari ɗaya, darussanta kuma ba sa ƙirguwa. Mutum na iya zana abu mai amfani a makonsa na farko. FreeCAD ta kasu zaure-zaure, kowane da ɗabi'arsa, kuma wani lokaci hanya biyu ko uku ne zuwa abu guda, ba ka san wadda ta fi ba sai ka yi tuntuɓe. Saƙonninta na kuskure kan zo da harshen masu rubuta manhaja. Tana buƙatar haƙuri, irin wanda yaron shago ke yi a shekararsa ta farko.

Wajen sassaƙa ma, duk da ragin da aka yi, Fusion ta fi ƙarfi. Lasisin kyautarta na ba da sassaƙa mai kusurwa uku, da aikin injin gurza ƙarfe mai juyawa, da yanka da leza ko filasma. FreeCAD ta ƙware a aikin da ya shafi yanke gefe, da fafe rami, da huda, da rubutu a kan allo, kuma tana fitar da umarni ga injunan da ke aiki da GRBL ko LinuxCNC ko Mach3. Tana ba ka G0 ɗinka cikakke, tana sauya baki yadda ka so. Amma in aiki ya kai ga siffa mai lanƙwasa ta ko'ina, kamar fuskar mutum ko mazubin narkakken ƙarfe, har yanzu ba ta kamo ƙafar Fusion ba.

Wajen inda aikinka yake kwana, nan sikelin ya juya. Fusion tana ajiye fayiloli a rumbun kamfanin da ke intanet. Wannan na da amfani, domin in kwamfutarka ta lalace ko aka sace ta, zanenka na nan. Tana yarda a yi aiki ba intanet na ɗan lokaci, amma dole a riƙa komawa ana haɗawa, kuma tana sabunta kanta a kai a kai, sabuntawar da ba ka da ikon ƙi na dogon lokaci. In ta daina karɓar tsohuwar Windows, tsohuwar kwamfutarka ta tashi aiki ke nan. Kana iya sauke zanenka a tsarinta, sai dai ita kaɗai ke buɗe shi. STEP kuwa siffar kawai yake ɗauka, ba ya ɗaukar tarihin matakan da ka bi, wanda shi ne ke ba ka damar canza awo komai ya bi. Fayil ɗin FreeCAD yana kan kwamfutarka, tsarinsa a buɗe yake, kuma sigar da ka girka yau za ta buɗe shi bayan shekara goma ko da duniya ta manta da ita. Nauyin ajiye kwafi dai a wuyanka yake.

Wannan batu ya fi nauyi a wajenmu fiye da wajen wanda ke zaune a Jamus ko Amurka. An tsara lasisin amfanin kai ne da tunanin mutumin da ke da albashinsa, yana shiga garejinsa ranar hutu don nishaɗi. Matashin da ke koyon zane a Kano ko Zinder, ko yaron maƙera a Panteka ta Kaduna, da wuya ya zama don nishaɗi yake yi. Yana koyo ne don ya ci abinci, ya ƙera wa mai injin niƙa abin da ya karye, ya yanka wa mai shago allon suna. Ranar da ya fara karɓar aikin kasuwa, ya fita daga inuwar lasisin kyauta. Dala 1,000 a shekara bai wuce dala 83 da 'yan kai a wata ba. Cikakken lasisin kuwa dala 495 ne a shekara a 2020, kuma ya ƙaru tun daga nan, a biya da dala alhali ana samu da naira ko sefa. Ga tsadar data, ga wutar da ba ta da tabbas.

Na san abin da wasu za su ce: wa zai gani? Da yawa ma fasassun manhajoji suke sakawa, ba su damu da lasisi ba. Amma alkawari kaya ne. Wanda ya latsa cewa ya amince da sharaɗi ya ɗauki alkawari, ko ana ganinsa ko ba a gani. Fasasshiyar manhaja kuma sau da yawa tana zuwa da cutar kwamfuta a cikinta. Tunda akwai hanyar da mutum zai nemi halaliyarsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ban ga dalilin gina sana'a a kan abin da ake jin kunyar faɗa ba.

Akwai wasu zaɓuɓɓuka, amma duk danginsu ɗaya da Fusion. Onshape, wadda wasu daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin manhajar zane na SolidWorks suka fara a 2012, kamfanin PTC kuma ya saya a 2019, tana da tsarin kyauta, da sharaɗin duk abin da ka zana kowa na iya gani ya kwafa, kuma ba ta motsi sai da intanet. Siemens na ba da Solid Edge kyauta ga masu sha'awa, amma fayilolinta ba sa buɗuwa a sigar kasuwanci. SolidWorks ta fito da lasisi mai rahusa ga masu ƙere-ƙeren gida a 2021, shi ma da iyakar abin da za a samu. Kowannensu kayan aiki ne nagari, kowannensu kuma da igiya a ƙafarsa.

Ga inda na tsaya. Wanda ya tabbata nishaɗi kawai yake nema, yana da intanet mai ƙarfi, kuma ba zai yi baƙin ciki ba in sharaɗi ya sauya gobe, ya ɗauki Fusion, zai ji daɗinta, sai dai ya riƙa fitar da kwafin STEP na duk aikin da ya gama ya adana a wajensa. Wanda shagonsa ya kafu har aikin ƙarfe mai wuya ke shigo masa, ya biya cikakken lasisi ya sa shi cikin kuɗin aiki, kamar yadda yake sa kuɗin baki da na mai. Ɗalibin da makarantarsa ta cancanta ya karɓi lasisin ɗalibai ya koya, domin masana'antu na neman wanda ya iya, amma ya tuna ranar da ya bar makaranta lasisin zai bar shi.

Ga mai farawa da niyyar sana'a kuwa, da malamin da zai koyar da yara talatin a ɗakin da intanet ba ta isa, FreeCAD nake ba shawara, da sanin cewa watannin farko za su yi ɗaci. Abin da mutum ke zubawa a manhajar zane ya fi kuɗi tsada: shekarun da hannu ya saba, da tarin zane-zanen da ya zama jarin shago, wanda in abokin ciniki ya dawo bayan shekara biyar za a buɗe a sake yanka masa. Irin wannan dukiya ba a ajiye ta a ɗakin da wani ke riƙe da makulli. Ilimin kansa, wato zana da awo, da ɗaure layi da layi, da sanin abin da baki zai iya ci, yana bin mutum duk manhajar da ya koma, don haka wanda ya fara da mai wuya bai yi asara ba.

Magabata sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Gatarin Autodesk ya fi kaifi a yau, ban musa ba. Amma ɗayan gatarin, duk wanda ya ɗauka yana da izinin wasa shi, kuma in ya wasa, kaifin ya isa ga kowa. Wani ya gyara kuskure, wani ya rubuta darasi, wani ya fassara fuskar manhajar zuwa harshensu, domin fassarar FreeCAD ma aikin sa kai ce, ƙofarta a buɗe take. Ba abin da ya hana malaman kwalejojinmu na fasaha da ɗalibansu su zauna su mayar da ita Hausa, yaron da ke riƙe da guduma a Panteka ya buɗe kwamfuta ya tarar da kayan aikin da ke magana da harshensa, wanda kuma ba mai zuwa ya ce masa ya dawo da shi.